A+, Network+ ko CCNA: wace ɗalibi zai fara nema, kuma a wace shekarar karatu?

Ɗalibin Kwamfuta ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a tsakiyar shekara ta biyu ta karatun digiri a fannin kimiyyar kwamfuta, karatun kuwa na shekara huɗu ne, kuma abin da zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne aikin haɗa kwamfutoci da kula da hanyoyin sadarwarsu, wanda aka fi sani da netwok. A makaranta mun yi darasi guda a kan wannan fanni, inda aka koya mana matakai bakwai na tsarin OSI, mai bayyana yadda saƙo ke tafiya a netwok, da bambancin da ke tsakanin ƙa'idojin aika saƙo na TCP da UDP, amma har yau hannuna bai taɓa saita rauta (na'urar da ke haɗa netwok da netwok) ko suwici (mai haɗa kwamfutoci a cikin netwok ɗaya) irin na ma'aikata ba.

Duk tallan aikin da na duba sai na tarar an ambaci takardun shaidar ƙwarewa. Sunayen da suka fi yawan fitowa su ne A+ da Network+ da Security+ na hukumar CompTIA, sai CCNA na kamfanin Cisco, a wasu wuraren kuma har da AZ-900 na Microsoft. Wasu sun ce min in bi na CompTIA ɗaya bayan ɗaya kafin in tunkari CCNA, wasu kuma sun ce wannan ɓata lokaci ne, in tsallaka kai tsaye. Abin da zan iya tarawa kafin in gama makaranta ba zai wuce kuɗin jarrabawa biyu ba, ko uku idan na matsa wa kaina ƙwarai. Saboda haka ina neman shawararku a kan wadda ya kamata in fara da ita, da lokacin da ya dace in zauna mata, da kuma yadda mutumin da ba shi da na'ura ko ɗaya zai koyi aikin da hannunsa. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Netwok ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi kyau da ka faɗi shekarar da kake ciki da kuma iyakar ƙarfinka, domin waɗannan abubuwa biyu su ne za su yanke maka hukunci, ba jerin sunayen da ake yawo da su ba.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa da shi shi ne cewa waɗannan takardu suna da wa'adi. A+ da Network+ da Security+ duk shekara uku suke yi daga ranar da mutum ya ci jarrabawa, haka ma CCNA. Kai kana da sauran kusan shekara biyu da rabi a makaranta. Idan ka zauna wa wata jarrabawa a wannan zangon, takardar za ta cinye mafi yawan wa'adinta kana aji, ta yadda a daidai lokacin da ka fito kana kai takardun neman aiki sauran 'yan watanni ne kawai suka rage mata. Sabuntawa kuwa ba kyauta ba ce, ko dai ka sake zama wata jarrabawa, ko ka tara makin ci gaba da karatu, wanda a CCNA guda 30 ake nema, a Network+ ma 30, a Security+ kuma 50. Shi ya sa nake cewa ka raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa, wato lokacin koyo da lokacin zama jarrabawa. Koyo yau za ka fara shi. Jarrabawa kuwa ka ƙirgo ta daga baya, daga watan da kake sa ran fara neman aiki ko tafiya horon sanin makamar aiki, sannan ka ja baya da wata shida zuwa shekara guda.

Yanzu sai zancen wadda za ka zaɓa. A+ ba jarrabawa ɗaya ba ce, biyu ce, Core 1 da Core 2, kuma ba a ba da takardar sai an ci dukansu. Ta farko ta shafi gangar jikin kwamfuta da wayoyin hannu da na'urorin buga takarda da ɗan abin da ya shafi netwok, ana cinta da maki 675 cikin 900. Ta biyu ta shafi babbar manhaja irin su Windows da Linux da macOS, da tsaro, da ladubban aiki, ana cinta da maki 700. Ma'ana, idan kuɗin jarrabawa biyu kake da su ka zaɓi A+, to ta kwashe su gaba ɗaya, alhali kai netwok ka ce kana so.

Tsakanin Network+ da CCNA kuwa, ra'ayina a fili yake. Network+, wadda lambarta ta yanzu N10-009 ta fito a watan Yunin 2024, jarrabawa ce mai kyau, ba ta karkata ga na'urar wani kamfani ba, tambayoyinta ba sa wuce 90 cikin minti 90, ana cinta da maki 720. Sai dai abin da ta fi aunawa shi ne ko ka san mene ne abu da kuma amfaninsa. CCNA, mai lamba 200-301, minti 120 ake yi mata, kuma tana son ta ga ko za ka iya saita abin da kanka, ka kuma gano inda ya lalace. Network+ za ta tambaye ka mene ne VLAN, wato raba suwici zuwa ƙananan netwok daban-daban, CCNA kuwa za ta ba ka suwici ta ce ka raba shi. Tun daga watan Fabrairun 2020 Cisco ya haɗe tsoffin rassan CCNA ya mayar da su jarrabawa guda, ya kuma soke ƙaramar takardar nan ta CCENT, kuma babu wata takarda da aka shardanta mutum ya mallaka kafin ya zauna. Kashi 25 cikin ɗari na jarrabawar a kan yadda rauta ke zaɓar hanya ne, har da OSPF, ƙa'idar da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da ita, kashi 20 a kan tushen netwok, kashi 20 a kan suwici da sadarwa marar waya, kashi 15 a kan tsaro, sai kashi 10 a kan hidimomi irin su NAT mai sauya adireshi da DHCP mai raba wa kwamfutoci adireshi, da wani kashi 10 a kan sarrafa netwok ta hanyar manhaja. Wannan kaso na ƙarshe, ga ɗalibin da ya riga ya saba rubuta manhaja a makaranta, zai zo masa da sauƙi fiye da yadda yake zuwar wa tsofaffi irinmu da muka taso a kan buga umarni da hannu.

Saboda haka shawarata ita ce ka sauke jerin batutuwan Network+ daga shafin CompTIA, kyauta ne, ka karance su a wannan shekarar a matsayin share fage ba tare da ka biya kuɗin jarrabawarta ba, sannan ka ba CCNA shekara ta uku gaba ɗaya, ka zauna mata a ƙarshen shekarar ko a farkon ta huɗu. Wanda ya riƙe CCNA, da wuya mai ɗaukar ma'aikacin netwok ya ce masa ina Network+ ɗinsa.

Malama Mai Koyar da Netwok ta amsa:

Ranka ya daɗe, na yarda da kai ɗari bisa ɗari a kan batun wa'adi da kuma fifikon CCNA, amma ina neman izini in saɓa maka a kan A+, domin ina ganin ka auna ta da ma'aunin wanda ya riga ya daɗe a cikin aiki.

Ɗalibi, ka sani cewa yawancin masu shiga wannan fanni ba sa fara aiki a matsayin injiniyan netwok, domin babu ma'aikatar da za ta miƙa wa sabon shiga rautar da dukan harkarta ta dogara a kai. Inda aka fi farawa shi ne sashen taimaka wa masu amfani da kwamfuta, inda za a kira ka a ce na'urar buga takarda ta ƙi aiki, ko kwamfuta ta ƙi tashi, ko wani ya manta kalmar sirrinsa. Digirin kimiyyar kwamfuta yana koyar da lissafi da rubuta manhaja da tsarin bayanai, amma ba kasafai yake koyar da yadda ake canza RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ko gyara Windows da ta ƙi buɗewa ba, kuma wannan giɓin ne A+ take cikewa. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: shin ka taɓa kwance kwamfuta ka mayar, ka ɗora mata babbar manhaja daga farko, ka kuma gano dalilin da ya hana ta shiga intanet? Idan ka saba da wannan, to Malam ya yi gaskiya, ka tsallake jarrabawar. Idan kuwa ba ka saba ba, ko da ba za ka biya kuɗin zama ba, dole ka koyi abin da ke cikinta, domin shi za a fara gwada ka da shi a ranar farko ta aiki.

Batun wa'adi ma yana da mafita a ɓangaren CompTIA. Wanda ya ci Network+ alhali A+ ɗinsa ba ta mutu ba, an sabunta masa A+ ke nan, wanda kuma ya ci Security+ an sabunta masa duka biyun. Ke nan wanda ya yi A+ a shekara ta biyu don ya samu ɗan aikin wucin gadi yana ɗalibi, sannan ya yi Security+ bayan ya gama makaranta, bai yi asara ba. Aikin wucin gadin nan kuwa, ko a ɗakin kwamfutar makaranta ne, ya fi wata takardar nauyi a idon masu ɗaukar aiki.

Abin da na fi so in tsaya a kai shi ne tambayarka ta ƙarshe, wato yadda za ka koya ba tare da na'ura ba. Wannan matsala an daɗe da warware ta. Manhajar Packet Tracer ta Cisco kyauta ce ga duk wanda ya yi rajista a shafin Networking Academy, shirin da Cisco ya kafa tun 1997, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. A cikinta za ka jawo rauta da suwici da kwamfutoci ka haɗa su da waya, ka buɗe allon umarni ka buga kusan irin umarnin da ake bugawa a na'urar gaske. Ta ishe ka a kan mafi yawan abin da CCNA ke nema. Manhajojin GNS3 da EVE-NG sun fi ta kusa da zahiri, amma suna cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma suna buƙatar manhajar na'urorin da ba a samu sai da lasisi, don haka ka bar su sai nan gaba.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su fara. Ka ɗauki suwici biyu da rauta ɗaya da kwamfutoci huɗu, ka ƙirƙiri VLAN 10 da VLAN 20, ka sa kwamfuta biyu a kowanne, ka mayar da wayar da ke tsakanin suwici biyun ta zama mai ɗaukar VLAN duka biyu bisa ƙa'idar 802.1Q, sannan ka sa rautar ta riƙa haɗa su. A karo na farko, kusan kowa yana tarar da cewa ping, wato saƙon gwada ko wata kwamfuta na amsawa, ya ƙi wucewa, kuma a mafi yawan lokuta dalilin shi ne ƙofofin rautar Cisco a rufe suke zuwa, sai an buɗe su da umarnin no shutdown. Kada ka goge aikin ka sake daga farko, ka buga show ip interface brief da show vlan brief ka karanta abin da na'urar ke faɗa maka har ka gano inda matsalar take. Idan komai ya tafi daidai, ka sa rautar ta riƙa raba adireshi ta hanyar DHCP, ka rubuta ACL, wato jerin dokokin tace saƙo, da zai hana VLAN 20 isa ga wata kwamfuta guda a VLAN 10, daga baya ka ƙara rauta biyu ka haɗa su ukun da OSPF, ka cire waya ɗaya ka duba show ip route ka ga yadda suka nemi wata hanya. Sannan ka ba abokin karatunka fayil ɗin ya lalata wani abu a ɓoye, kai kuma ka nemo shi, domin aikin netwok na gaske ya fi yawa a gyaran abin da wani ya saita fiye da ginawa daga farko.

Sai kuma rarraba adireshin IP zuwa ƙananan rukunai, wato sabnet, wanda shi ne ke kayar da mafi yawan masu zama CCNA, ba don yana da wuyar fahimta ba, sai don ba su yi saurin da ake buƙata ba. Idan aka ba ka 192.168.10.77/26, inda /26 ke nuna girman rukunin, ya kamata cikin daƙiƙu kaɗan ka san cewa kowane rukuni adireshi 64 ne, wannan kuwa ya faɗa rukunin da ya fara daga 64 ya ƙare a 127, wanda ke nufin na'urori 62 ne za su samu adireshi, daga 65 zuwa 126. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da na'urar lissafi, kuma a jarrabawar Cisco idan ka wuce tambaya ba ka da damar komawa kanta, saɓanin ta CompTIA inda za ka iya yi wa tambaya alama ka dawo mata daga baya. Minti goma a kullum kana warware irin waɗannan ya fi awa biyar a ƙarshen mako.

Dangane da jadawalin makaranta, kada ka sa ranar jarrabawar takardar shaida kusa da jarrabawar ƙarshen zango. Digirinka ba ya da wa'adi, kuma makin da ka zubar a can ba ya dawowa. Dogon hutu shi ne lokacin matsa ƙaimi da zama jarrabawa, a cikin zango kuwa awa guda a rana ta wadatar. Ka kuma bincika ko makarantarku tana cikin Networking Academy, domin darussan CCNA guda uku da ake koyarwa a can, idan aka yi su a ƙarƙashin malami aka kuma ci da maki mai kyau, ana samun rangwamen kuɗin jarrabawa.

Mai Tantance Masu Neman Aiki ya amsa:

Ba zan tsawaita ba, domin Malam da Malama sun riga sun cika magana. Ni ina cikin masu yi wa sababbin ma'aikata intabiyu, kuma abin da zan ƙara shi ne takarda tana kawo mutum gabanmu ne kawai, abin da zai biyo baya kuwa bakinsa da hannunsa ne. Tambayar da nake yawan yi ita ce: kwamfuta ta ƙi shiga intanet, ka duba ka ga adireshinta ya fara da 169.254, me ya faru? Wanda ya taɓa aikin nan take zai ce kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP ba ta samu amsa ba, sai ta ba kanta, sannan ya fara lissafo inda zai duba, daga waya zuwa ƙofar suwici zuwa VLAN zuwa sabar da ke raba adireshin kanta. Ko kuma in ce kwamfuta tana kaiwa ga wani adireshi a intanet irin 8.8.8.8 da ping amma ba ta buɗe shafi da suna, wanda ya sani zai ce a duba DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshi.

Akwai masu zuwa da CCNA a hannu su kasa amsa waɗannan, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sun haddace tambayoyin jarrabawa da aka sato aka baza a intanet. Ɗalibi, ka nisanci wannan ƙwarai. Cisco da CompTIA duka suna ɗaukarsa maguɗi, suna iya soke takardar mutum su kuma hana shi sake zama, kuma ko ba a kama shi ba, minti biyar na intabiyu sun isa su tona shi. Tambayoyin gwaji na halak, waɗanda ake rubutawa don a koyar, suna zuwa da bayanin dalilin da ya sa amsa ta zama daidai, wannan ce alamar da za ka bambanta su da ita. Ka riƙa adana ayyukan da kake yi a Packet Tracer tare da zanen netwok ɗin da ɗan bayani a rubuce, ka zo mana da su.

Ɗalibin Kwamfuta ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah Ya ƙara ilimi. Na saba kwance kwamfuta da ɗora mata Windows da Linux, don haka ina ganin zan karanta batutuwan A+ da Network+ ba tare da na zauna musu ba, in tanadi kuɗin domin CCNA a ƙarshen shekara ta uku. Abin da ya rage min shi ne jarrabawa ta biyu: shin Security+ ce ta fi dacewa, ko ɗaya daga cikin na fasahar girgije, wato hayar kwamfutoci da ma'ajiyar bayanai ta intanet, irin su AZ-900? Sannan na lura lambobin jarrabawa suna canzawa, ina tsoron in shafe shekara ina karatu a wayi gari an sauya manhajar karatun. A ƙarshe, na ji ana iya zama jarrabawar daga gida, ko kuna ba da shawarar hakan?

Tsohon Ma'aikacin Netwok ya sake amsawa:

Malama, na karɓi gyaranki, gaskiya ce kika faɗa game da inda sabon shiga yake farawa. Tunda ɗalibin namu ya ce hannunsa ya saba da kwamfuta, to mun haɗu a wuri guda.

Ƙanena, game da jarrabawa ta biyu, kada ka yanke hukunci yanzu, ka bari sai ka gama CCNA ka kuma ɗanɗani horon sanin makamar aiki, domin a can ne za ka gane ɓangaren da ya fi jan ka. Amma idan ka ce lallai in zaɓa maka, Security+ zan zaɓa. Lambarta ta yanzu SY0-701, ta fito a watan Nuwamban 2023, ana cinta da maki 750 cikin 900, kuma wanda ya riga ya fahimci ACL da VPN (killatacciyar hanyar sadarwa ta cikin intanet) da tsaron ƙofofin suwici daga CCNA zai tarar an share masa wani ɓangare na hanya. CompTIA da kanta tana ba da shawarar mutum ya samu kimanin shekara biyu a aiki kafin ya zauna mata, ko da yake wannan shawara ce ba sharaɗi ba. Tana da karɓuwa sosai, har Ma'aikatar Tsaron Amurka tana lissafa ta cikin takardun da take amincewa da su ga masu kula da kwamfutocinta. Abin da ba na so shi ne ka bi sahun masu tsallake netwok su faɗa tsaron intanet kai tsaye don sun ji ana yayinsa, domin wanda bai san yadda saƙo ke tafiya a netwok lafiyayye ba, ba zai gane lokacin da tafiyar ta zama abin zargi ba.

AZ-900 kuwa ƙaramar jarrabawa ce ta share fage, makonni kaɗan sun isa a shirya mata, kuma ba ta da wa'adin mutuwa, don haka ita kam kana iya yin ta a duk hutun da ka samu sarari, musamman idan ka dace da rangwamen ɗalibai. Sai dai ita kaɗai ba ta nuna cewa mutum ya iya wani aiki, tana nuna ya san sunayen abubuwa ne da amfaninsu. Kada ka ba ta gurbin ɗaya daga cikin manyan jarrabawoyinka biyu.

Batun sauya lamba kada ya hana ka barci. CompTIA tana sabunta kowace jarrabawa kusan duk bayan shekara uku, kuma idan sabuwa ta fito ana barin tsohuwar ta ci gaba na wasu watanni kafin a rufe ta. Haka aka yi da A+, inda 220-1201 da 220-1202 suka fito a watan Maris na 2025, aka kuma rufe 220-1101 da 220-1102 a watan Satumba na 2025. Abin lura a nan shi ne ba a haɗa Core 1 na tsohuwa da Core 2 na sabuwa. Takardar da mutum ya samu kuwa ba ta mutuwa don an rufe lambar jarrabawar da ya zauna, shekara ukunta tana nan. CCNA tana riƙe da lambar 200-301 tun 2020, a watan Agustan 2024 aka yi mata ƙaramin gyara zuwa siga ta 1.1, aka ƙara ɗan abin da ya shafi ƙirƙirarriyar basira da kula da netwok ta girgije. Ko da an sake yi mata gyara kafin ka zauna, sabnet da VLAN da OSPF suna nan daram. Abin da ya wajaba a kanka shi ne, wata uku kafin ranar zama, ka sake sauke jerin batutuwa daga shafin Cisco ka gwada shi da littafin da kake karantawa, layi bayan layi. Haka kuma kada ka sayi baucar jarrabawa, wato shaidar biyan kuɗin zama, tun da wuri, domin ita ma tana da wa'adi, yawanci shekara guda, kuma ana ɗaure ta da yankin da aka saye ta domin shi. Ka saya daga hukumar kanta ko dillalin da ta amince da shi.

Zama daga gida yana yiwuwa ta hanyar OnVUE na Pearson VUE, inda mai sa ido zai riƙa kallonka ta kyamara daga farko har ƙarshe. Sharuɗɗansa suna da tsauri: ɗaki kai kaɗai, tebur babu komai a kai, babu mai shigowa, babu takardar lissafi sai farin allo na cikin kwamfuta, kuma idan intanet ta yanke ko wuta ta ɗauke jarrabawar tana iya lalacewa. Ga CCNA, inda za ka so ka zana teburin sabnet da hannu, na fi son cibiyar jarrabawa, domin a can ana ba da allon rubutu da alƙalami. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai harafi da harafi da wanda ke jikin katin shaidarka, domin ana iya hana mutum zama a kan wannan kaɗai. Idan kuma aka faɗi CCNA, sai an jira kwana biyar kafin a sake zama, kuma sabon kuɗi ake biya, don haka kada ka sa rana sai kana cin jarrabawar gwaji ta halak da tazara mai kyau a kai a kai.

Malama Mai Koyar da Netwok ta ƙara:

Tsarin ya yi, ɗalibi. Tunda ka ce ka saba da Linux, ka ɗora Wireshark, manhajar naɗar saƙonnin netwok, a kwamfutarka a wannan makon, ka sa kwamfutar ta saki adireshinta ta sake neman wani kana naɗar abin da ke wucewa, ka nemo saƙonni huɗun da kwamfuta da sabar DHCP suke musaya kafin a ba ta adireshi, wato nema da tayi da roƙo da tabbatarwa, ka kuma duba lambobin ƙofa 67 da 68 a jikinsu. Bayan haka ka warware min 172.16.5.200/27 ba tare da na'urar lissafi ba: adireshin farko na rukunin, da na ƙarshe, da yawan na'urorin da zai ɗauka. Ka kawo amsar nan tare da hoton netwok ɗinka na farko a Packet Tracer, in sha Allahu zan duba maka.